Koren Baƙo Mai Yagaggen Fiffike

Kiret na uku yake ɗagawa lokacin da matarsa ta leƙo ta tagar kicin ta ce shayi zai huce. Ba ya amsa wa kowa in hannunsa na cikin akwatin. Yana tsugune a tsakar gida, gari bai gama wayewa ba, raɓa ta jiƙa masa silifa. Ya juya kiret ɗin kwalin ƙwai a hankali, kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Kusan kowane rami da mai barci a ciki. Wani ya naɗe fikafikansa kamar laima, wani ya shimfiɗa su, wani kuma in ba ka sani ba sai ka rantse guntun ɓawon itace ne.

"Alƙali, biyu," ya faɗa a fili, ya rubuta a 'yar takarda. "Busasshen Ganye, shida. Mai Gemu, ɗaya. Sannu, Mai Gemu, kwana biyu."

Faɗa-wuta ne duka, ƙwarin nan masu fikafikai da ke yi wa fitila dafifi in rana ta faɗi. Akwatin kuwa tarkonsu ne. Na katako ne, da ƙwan fitila mai tsananin haske a kansa, da gilasai biyu da suka karkato ciki suka bar 'yar kafa a tsakani. Ƙwaro ya zo wa haske, ya zame, ya faɗa, ya sami ramin kwali ya lafe har safiya. Ba a kashe ko ɗaya. Ana duba su, a rubuta, a ɗauki hoton wanda ya cancanta, da yamma a sallame su.

"Malam, baƙin naka sun karya ne, ko in ɗora musu tukunya?"

"Hukuma ta yi haƙuri. Saura kiret ɗaya."

Hukuma yake ce mata tun da ta kafa masa doka a kan firji. Ita kuwa Malam take ce masa tun ranar da aka kawo ta gidan.

A ƙarƙashin kiret na ƙarshe ya gan shi. Babba ne, ya kusa cika tafin hannu. Kore ne, amma ba kore ɗaya ba: akwai na ganyen da ya sha ruwa, akwai na gansakuka, akwai na tsohuwar kwalba, sun hau juna kamar an zuba su ba a gauraya ba. Wani siririn zane mai ruwan hoda ya ratsa fikafikan, irin wanda kan bayyana a gabas kafin rana ta fito.

"Hukuma! Ajiye komai ki zo ki gani!"

Ta fito da kofi da tsumma a hannu. Ta tsaya ɗan nesa.

"Shekara ashirin da biyu ina kunna fitilar nan," ya ce. "A littafi kawai nake ganinsa. Ban taɓa kama shi ba. Dubi, don Allah, dubi!"

Ta dubi ƙwaron kaɗan. Ta dubi mijinta da yawa.

"Na taya ka murna, Malam," ta ce. Ta ci gaba da goge kofin, wanda ya daɗe da bushewa.

Bai lura ba. Ya lallaɓa baƙon cikin 'yar roba mai murfi, ya kai shi firji, a hawa na ƙasa, gefen hagu, iyakar filin da Hukuma ta yanka masa. Sanyi na rabin awa yana sa su natsu, su tsaya wa kyamara. Ya ɗora shi a kan allo mai ruwan toka, ya ajiye rula a gefensa, ya ɗauka. A takardar ranar ya rubuta: "Kore babba, ɗaya. Karo na farko." Ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ninke ta, ya tura ta tsagar wani tsohon gwangwanin biskit inda takardun kowace safiya ke taruwa. Ba ya buɗe gwangwanin sai ƙarshen wata. Ranar kuwa talatin ga wata ce.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma shekara da shekaru hasken tarkonsa na kwana a silin ɗakina. 'Yan unguwa Mai Fitila suke ce masa. Gajere ne, mai sanƙo, mai tabarau da ya ɗaure da igiya a wuya. Aikinsa ba da magani ne a wani kanti da ke kan babban titi, shekara talatin da takwas a bayan kanta ɗaya. Likita ya rubuta, shi ya karanta, ya ɗauko, ya ƙirga a kan faranti biyar-biyar, ya zuba a 'yar jaka, ya rubuta yadda za a sha. A wuyansa, tare da igiyar tabarau, akwai ƙaramin mabuɗi na kabad ɗin ƙarfe inda ake kulle magungunan da kuskure a kansu ba ya gyaruwa. Sau ɗaya na ji ya yi alfahari, ya ce bai taɓa ba wani maganin wani ba.

A kantin ne ma abin ƙwarin ya same shi, yana da shekara arba'in. Wata safiya ya zo buɗe ƙofa ya tarar da uku sun kwana a jikin allon kanti, ƙarƙashin fitila. Ɗaya fari, ɗaya mai ɗigo-ɗigo, ɗaya kamar an ƙona gefensa da taba. Ya tambayi mai shara sunansu, ya ce faɗa-wuta. Ya tambayi mai jarida, ya ce faɗa-wuta. Abin ya tsaya masa a rai. Mutumin da ya ci abinci da bambanta farar ƙwaya da 'yar'uwarta farar ƙwaya bai ga yadda za a yi wa halittu daban-daban kuɗin goro da suna ɗaya ba. Ya nemo littafi mai hotuna, ya haddace dogayen sunayen da masana suka ba su, sannan ya raɗa musu nasa na gida. Akwatin da kansa ya haɗa shi, da kayan aikin da ya gada wurin mahaifinsa, wanda kafinta ne.

Yana da dokoki, kuma bai taɓa wasa da su ba. A kashe fitila a rufe tarko kafin tsuntsaye su tashi. Ba a taɓa fiffike da yatsa. Babbar dokar ita ce ta sallama: ba a sakin baƙi a cikin gida. Sai da yamma, a ƙarshen layi, can bayan tsohuwar masana'anta inda ciyawa ta yi tsawo. Wanda ya sake su kusa da tarko, su ɗin dai zai yi ta kamawa yana ƙirgawa a matsayin sababbi, yana yaudarar kansa.

Ran nan, kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya bar katin kyamara wurin mai wankin hoto, kamar yadda ya saba kowane ƙarshen wata. Da la'asar ya biya ya karɓa.

"Mai Fitila, wannan koren dai ya shiga ranka," in ji mai hoton, yana miƙa masa ambulan. "Ko auren nasa za ka yi ne a gayyace mu?"

"Ai ya isa a so shi. Yau na fara kama shi."

"Yau? To, ni dai sau uku injina ya fito da shi."

Ya yi dariya, ya ɗauka ya danna kyamara ne fiye da sau ɗaya.

A gida ya baza hotunan a kan teburin falo, ya buɗe gwangwanin biskit, ya fara jera kowace takarda da hotonta. Kyamararsa tana buga kwanan wata a ƙasan hoto da 'yan jajayen lambobi. Ga koren, talatin ga wata. Ya ɗaga wani hoton, ga koren kuma. Ashirin da huɗu ga wata. Ya tsaya. Ya ci gaba da tonawa. Sha tara ga wata. Allo ɗaya, rula ɗaya, har inuwar babban yatsansa a gefe.

Farko ya ce kyamara ce ta rikice. Sannan ya ce watakila guda uku ne daban-daban, shekarar ce ta zo da su. Wannan tunanin ya ɗan riƙe shi na daƙiƙa kaɗan, kafin ya gane bai magance komai ba: ko da uku ne, ai ya kamata ya tuna biyun farko. Duk da haka ya ɗauko gilashin ƙara girma, saboda abin da hannunsa ya iya ke nan. Ya duba na farko. A gefen fiffiken hagu akwai 'yar yaga, siffar bakin tsuntsu, alamar wani ya kai masa cafka ya kuɓuce. Ya duba na biyu. Yagar tana nan. Na uku ma tana nan, sai dai koren ya ɗan koɗe, kamar rigar da aka wanke sau da yawa.

Ƙwaro ɗaya ne. Duk garin babu wanda ya fi shi iya tabbatar da haka.

Ya warware takardun ranakun. Rubutunsa ne, mai tsabta, mai ɗan karkata dama. "Karo na farko." Layi biyu a ƙasa. "Karo na farko." Layi biyu. "Karo na farko."

Ya zauna ya nemi safiyar sha tara ga wata a cikin kansa. Ya neme ta kamar mai laluben makunnin wuta a ɗakin da ya sani. Bango yana nan, makunni babu. Ba wai ta dushe ba ce, ko ta yi nisa. Babu ta. A wurin da ya kamata ta kasance ba ko rami, an shafe wurin sumul. Agogon bango yana ta tafiya. A waje wani yana gwada hon ɗin mota.

Ya san wannan abu. Ya taɓa zama da shi shekara uku a gida ɗaya.

Mahaifinsa, kafintan, yana da shekara sittin da 'yan kai abin ya fara masa. Ba da ɓata hanya ya fara ba, da murna ya fara. Ɗan zai shigo, tsohon ya miƙe daga benci fuskarsa a washe: "A'a! Ɗan nan, yaushe a gari?" Su gaisa, ɗan ya shiga ciki ya ɗebo ruwa, ya fito, tsohon ya sake miƙewa da farin ciki sabo fil: "A'a! Yaushe a gari?" Mutane suna dariya, suna cewa tsufa ne. Wata rana aka kawo masa katakon ƙofa ya rage tsawonsa da ɗan yatsa biyu. Ya auna, ya yanke. Ya sha ruwa, ya dawo, ya auna, ya yanke. Kafin a ankara ƙofar ta koma murfin taga. Daga nan 'ya'yansa suka haɗa baki suka ɓoye zarton. Mai Fitila ne da hannunsa ya tura shi ƙarƙashin gado. Tsohon ya shekara yana neman zartonsa. Yana ɗaga tabarmi, yana leƙa tukwane, yana kuka, yana ce wa 'ya'yansa ɓarayi. Har ya rasu bai daina tambaya ba.

Matarsa ta shigo da farantin abinci. Ta ga hotuna uku a jere, ta ga takardu uku. Ta ajiye farantin a kan kujera, ba a kan tebur ba, ta zauna a hannun kujerar.

"Kin sani," ya ce.

Ta gyara zaman farantin.

"Hukuma, da ke nake. Kin sani?"

"Sau uku ka kira ni, Malam. Sau uku na taya ka murna."

"Kika bar ni ina tsalle kamar wawa?"

"Ba kamar wawa ba." Ta dubi hotunan. "Kamar Baba. Ranar ta biyu da ka ce in ajiye komai in zo, na fito na tsaya daga nesa. Na ce ko wasa kake min. Na dubi idonka na ga ba wasa. To me zan ce maka? In ce wannan farin cikin ka riga ka yi shi, ka mayar?"

"Ya aka yi ya dawo? Ai ina kai su bayan masana'anta."

"Sauran ka kai su. Shi kuwa da yake a firji yake wuni shi kaɗai, sai ka dawo ka gan shi, ka buɗe masa a nan bakin taga. Ka ce ka manta da shi ne, gobe ba za ka sake ba."

"Me kuma? Faɗa min duka. Kar ki rage."

Ta faɗa masa, tana murza bakin zanenta. Sau biyu ya bar fitilar tarko a kunne har rana ta fito, ita ta kashe. Ranar Laraba ya tambaye ta ko 'yarsu ta kira, alhali shi ya yi magana da ita rabin awa. Ba su da yawa, in ji ta. Kwanaki da dama lafiyarsa ƙalau, har ta ce wa kanta gajiya ce.

Bai ji ƙarshen maganar ba. Hannunsa ya riga ya kai wuyansa, ya kama ƙaramin mabuɗin. Sha tara ga wata. Ashirin da huɗu. Talatin. Duk ranakun aiki ne. Mutumin da ya rubuta "karo na farko" da safe, shi ne ya sa farar riga da hantsi, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya ƙirga wa mutane abin da za su haɗiya da yardar cewa ya sani. Katako in an yanke shi sau biyu, ƙofa ce ta lalace. Shi fa, me ya yi sau biyu? Me ya bari bai yi ba yana ganin ya yi?

Ranar bai kunna tarko ba, karo na farko da ba ruwan sama ne ya hana shi ba. Silin ɗakina ya kwana da duhu, har na yi zaton tafiya ya yi.

Washegari ya isa kanti kafin lokaci. Ya sa farar riga, ya tsaya a bayan kanta. Mace ta farko da ta shigo maganin hawan jini ta zo karɓa, kwana talatin. Ya zuba a faranti ya ƙirga. Talatin. Ya kai hannu zai juye, sai wani abu ya ce masa: ka tabbata ka ƙirga, ko jiya ce kake tunawa? Ya sake ƙirgawa. Ya dubi kwalbar, ya dubi takardar likita, ya sake duban kwalbar. Haruffan da ya sani tun yana saurayi suka tsaya suna kallonsa kamar baƙi.

"Baba, lafiya? Ko ƙwayoyin sun haihu ne?" in ji matar.

Ya kira wata ma'aikaciyar kantin ya ce ta sallame ta. Ya wuce ɗakin baya.

Mai kantin tana ciki tana shan shayi a tsaye, tsakanin kwalaye. 'Yar tsohon maigidansa ce, ta gaji wurin bayan ta gama karatun haɗa magunguna. Shi ya koya mata riƙe farantin ƙirga tun kanta bai kai tsawon kanta ba. Kawu take ce masa.

Ya jera mata hotunan uku a kan tebur, da takardun uku.

"Kai, Kawu, da sassafe? Na ce maka ni tsoron abubuwan nan nake."

"Karanta kwanan watan, 'yata. Sannan ki karanta rubutun."

Ta karanta. Ya nuna mata yagar da bakin biro, ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata bayani dalla-dalla kamar yana koya mata sabon magani. Murmushinta ya tafi a hankali.

"Kawu, kowa yana mantuwa. Ni jiya na nemi wayata tana kunnena."

"Kin tuna kin neme ta. Ni ban tuna komai ba. Ɗauko takardun likita na ranakun nan uku."

Suka zauna suka bi su ɗaya-ɗaya. Sun fi ɗari. Kowace da sa hannunsa, kowace daidai. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce ya gani ko.

"Takarda abin da na rubuta take faɗa," ya ce. "Ba ta faɗin abin da na zuba a jaka. Waɗancan ukun ma rubutunsu mai kyau ne."

Ya ware guda huɗu, waɗanda aka ba magani mai haɗari. Ya ce ta kira su, kowa ya ɗauko jakarsa ya faɗi launin ƙwayar da lambar da ke jikinta. Ta kira ta farko, daidai. Na biyu, daidai. Ta uku surukarta ce ta ɗauka, ta je ta duba, ta dawo, daidai. Na huɗu wani tsohon birkila ne mai ciwon zuciya, yana shan maganin tsinka jini. Maganin nan kala biyu ne a kabad, kwalba kusa da kwalba: shuɗiya mai sauƙi, da ja mai ƙarfinta ninki biyar. Shuɗiya aka rubuta masa, ranar ashirin da huɗu ga wata.

Wayar ta yi ta ƙara. Ba a ɗauka ba.

Ta sake kira. Mai Fitila ya dafa tebur da hannu biyu. Yana ganin birkilan a idonsa, da faffaɗan hannunsa mai kaushi, da yadda yakan ce a rubuta masa da manyan baƙi saboda idonsa. Kwana bakwai ke nan. In ja ce a jakar, mutum na iya zubar da jini a cikinsa shiru, ba wanda ya sani, har ya kwanta ya ƙi tashi. Ya yi ƙoƙarin tuna hannunsa yana miƙawa cikin kabad ran nan. Hagu ko dama? Sumul. Firjin magunguna yana gurnani a lungu. Wayar ta katse da kanta.

"Sake," ya ce.

A kira na uku, can wajen ƙarshe, aka ɗauka.

"Wai wane ne yake neman fasa min waya? Ina kan tsani!"

Ta gaya masa daga kantin magani ne, ta roƙe shi ya duba jakarsa. Ya yi mita, ya ce sai ya sauko. Suka ji takunsa, suka ji ƙofa, suka ji yana faɗa da wani a kan an matsar masa da kaya, suka ji ƙarar leda.

"Shuɗiya ce, 'yar mitsitsiya, kamar kullum. Me ya faru? Ko yanzu kuka gano ba ta aiki? Ku gaida min mai sanƙon nan, ku ce ya rage tsoro."

Ta kashe wayar, ta fashe da dariya mai haɗe da hawaye. Shi bai yi dariya ba. Ya zauna a kan kwali, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ka gani, Kawu? Huɗu cikin huɗu. Shekara talatin da takwas, ko ɗaya babu."

"Ko ɗaya babu," ya ce. "Haka nake so a bar shi."

Ya cire igiyar daga wuyansa. Ƙullin ya tsufa, ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya zare mabuɗin ya ajiye a kan tebur, kusa da hotunan.

"Haba, Kawu. Ka je hutu, ka ga likita, in ka dawo mu yi magana. Ka riƙe shi tukuna."

"Zan ga likita, Hukuma ta riga ta karɓo mana lokaci, da ƙarfe sha ɗaya. In ya ce abin mai magani ne, ke za ki ƙirga min, ni in sha. Amma wannan ki ɗauka yau, yanzu da nake da wayon ba ki da hannuna. Mahaifina mu muka ɓoye masa zarto. Ba na so wata rana ki ɓoye min, in zo ina buga miki ƙofa ina ce miki ɓarauniya." Ya tura mabuɗin gabanta. "Kuma ki ba ni takarda."

Ta miƙa masa. Ya rubuta da rubutun nan nasa mai karkata dama: "Ni da kaina na ba ta mabuɗin. Ba a ƙwace ba." Ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ya kwafa a wata takarda, ya ba ta ɗaya, ya ninke ɗaya ya sa a aljihun gaba.

"In na dawo gobe ina nemansa, ki nuna min. Zan gane rubutuna. Shi ne abin da ya rage da ba na musu da shi."

Ta ɗauki mabuɗin, ta riƙe shi kamar yana da zafi.

Aka ƙwanƙwasa gilashin 'yar tagar ɗakin. Matarsa ce a waje, da jakarta a kafaɗa. Ta ɗaga 'yar robar nan mai murfi ta nuna masa. A ciki wani abu kore ya motsa, ɗumin hanya ya fara tashinsa.

"Wannan kuma fa?" in ji mai kantin, tana share ido.

"Baƙona ne. Asibitin yana can ƙetaren gada, akwai lambu a bayansa. Zan sa shi cikin ganye mai duhu inda tsuntsu ba zai gan shi ba. Daga can ba zai gane hanyar gidana ba." Ya ɗan murmusa. "Ko da yake, in ya dawo, ni ne da riba. Wa ya taɓa samun karo na farko sau huɗu?"

Ya tuɓe farar rigar. Ya laluba aljihunta ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da biro biyu da gilashin ƙara girma. Biron kanti ya ajiye, nasa ya ɗauka. Ya rataye rigar a ƙusarta, ya gyara mata kafaɗa. Ya tattara hotunan uku, ya tsaya, ya mayar da ɗaya kan tebur.

A bakin ƙofa ya taɓa wuyansa, inda mabuɗin ya saba kwanciya. Fuskarsa ta canza, ya juyo da sauri yana duban ƙasa. Sai ya kai hannu aljihun gaba, ya ji takardar ta yi ƙara a ƙarƙashin yatsunsa. Ya gyaɗa kai, ya gyara tabarau, ya fita.